Nan Ba Da Jimawa Ba

Duk wanda ya taɓa kashe wuni a filin jirgin saman nan yana jiran tashi ya san muryarta, amma ko sun yi karo a kasuwa ba zai gane ta ba. Ita ce mai sanarwa. Ɗakin aikinta wani ɗan akurki ne a saman bene, mai tagogin gilashi biyu. Ta ɗaya kana hango zauren jira da kujerunsa na ƙarfe, ta ɗayar kuma kana hango inda jirage ke tsayawa su sha mai. A ciki akwai tebur, da kujerar da aka ɗaure ƙafarta da waya, da makirufo mai jan maɓalli, sai kofin ruwan ɗumi da ba ta rabuwa da shi saboda maƙogwaro. Ma'aikata suna kiranta Murya. A gida kuwa, duk da ta yi aure ta haifi uku, har gobe Auta ce, domin haka yayanta yake kiranta, kuma ba a ja da Yaya.

Shi ya raine ta. Iyayensu sun rasu tana 'yar mitsitsiya, shi kuma a lokacin ko gemu bai tsayar ba. Gyaran agogo yake yi, a kan wani ɗan tebur ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin titi, da akwatin gilashi cike da agogunan da masu su suka kawo suka manta. Idan ta taso daga makaranta sai ya zaunar da ita a benci, ya miƙa mata tsohuwar jarida, ya maƙala ɗan madubinsa a ido ya duƙufa kan aiki.

"Karanta min. Buɗe baki. Kada ki haɗiye wutsiyar kalma, ba abinci ba ce."

A kan bencin nan muryar ta gyaru. Ranar da ta fara aiki Yaya ya rufe teburinsa, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi ya yi ba, ya sa kayansa masu kyau ya tafi filin jirgi, ba don zai je ko'ina ba. Ya zauna ƙarƙashin lasifika, duk sa'ad da ta yi magana sai ya zunguri na kusa da shi ya ce, "Ka ji? Ƙanwata ce." Ko mutumin ya tambaya ko bai tambaya ba, shi bai dame shi ba.

Wancan lokaci ne da jirgi yake jirgi. In ta ce a shiga, shiga ake yi. Tun safe take kiran garuruwa ɗaya bayan ɗaya har muryar ta dusashe. Sai man jirgi ya fara haukansa. Yau ya hau, gobe ya ƙara hawa, jibi a neme shi a rasa ko na magani. Masu sayarwa suka ce sai sun ga kuɗi a ƙasa kafin a ga tiyo a jikin jirgi. Kuɗin tikiti ya bi sahu, har ta kai mai ƙaramin ƙarfi ko kallon kantar sayar da tikiti ba ya yi. Kamfanoni suka riƙa naɗe tabarmarsu. Mai shayin bakin ƙofa ta kwashe kofunanta, mai naɗe jakunkuna da leda ya koma sayar da katin waya, 'yan dako suka watse. Mijin Auta, da ke jigilar fasinjojin filin a motar haya, ya koma zaman dirshan a layin gidan mai, ya dawo da jan ido da rabin tanki, ga shi ba wanda zai ɗauka. Daga ƙarshe kamfanin su Auta kaɗai ya rage, da jirgi ƙwaya ɗaya tal. Albashin Auta, da yake zuwa a makare kuma a gutsure, shi ya zama mai ɗora tukunya a gidanta, wani lokacin har da gidan Yaya.

Wata safiya Manaja ya tara ma'aikata. Mutum ne mai tumbi a da, amma wahalar nan ta zuƙe shi har sai da ya ƙara huda a bel ɗinsa.

"Kalma biyu ba na son in ji a bakin kowa," ya ce. "Ba 'mai', ba 'soke'. In kuka ce an soke, dole mu mayar wa mutane kuɗinsu, kuɗin nan kuwa da su aka sayi man jiya. Jinkiri za ku ce. Jinkiri ba laifi ba ne."

Shi ya tsara mata abin faɗa: an sami ɗan jinkiri saboda dalilai na aiki, jirgi zai tashi nan ba da jimawa ba. Haka take faɗa in jirgin yana tsaye, haka take faɗa in yana wani gari, haka take faɗa ko matuƙin yana gidansa yana sharar barci. Wata yarinya mai aiki a kantar tikiti ta taɓa tausaya wa wata tsohuwa, ta raɗa mata cewa babu mai. Tsohuwa ta raɗa wa na kusa, kafin a ankara an farfasa kantar, Manaja ya sha ɗinki a goshi, yarinyar kuma a ranar aka sallame ta. Tun daga nan ake tara wayoyin ma'aikata a kwali kowace safiya, kuma duk ranar da abu ya dagule sai Manaja ya hau bene ya kulle ɗakin sanarwa, ya jefa makullin a aljihu.

Yara kuwa, ka san su da ɗaukar magana. Maganar nan ta biyo Auta har gida. Ƙaramar 'yarta ta ce, "Mama, yaushe za a sayo min takalmi?" Kafin uwar ta buɗe baki babban ya toshe hanci ya ja murya: "Nan ba da jimawaaa ba!" Gida ya kwashe da dariya. In wuta ta ɗauke, nan ba da jimawa ba za a kawo. In an tambayi uban yaushe za a ga nama, nan ba da jimawa ba. A kaf danginsu, har matar Yaya da 'ya'yanta, kalmar ta koma nufin a cire rai. Auta ma takan yi dariya, ko da yake abin yana sukarta. Yaya ne kawai ba ya ko murmushi. Sai ya ɗaure fuska ya ce, "Kai, ku kama bakinku. Aikin uwarku ba abin wasa ba ne."

Idon Yaya na hagu ya daɗe da mutuwa, tun wata rana da ɗan ƙarfen agogo ya fallatsa ya shige shi. Da na dama yake cin abinci. To shi ne wata safiya ya ce wa matarsa yana ganin kamar ana jawo baƙin labule daga gefe. Washegari labulen ya ƙara matsowa. Likitan garin ya haska, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce fatar can cikin idon ce take ɓallewa, kuma ba a nan ake aikin ba. Sai babban asibiti, a can birni mai nisa. Likitan ya buga waya can ya roƙa, aka ce ƙwararren likitan zai yi aiki na ƙarshe jibi da safe, daga nan zai bar ƙasar sai bayan watanni. In aka kai mutumin, za a sa shi a layi. In aka wuce, to, idon ba zai jira watanni ba. Ya ƙara da cewa a guji jijjiga.

Matar Yaya ta ce su bi babbar motar da ke tashi da tsakar rana, ta kwana tana tafiya ta isa da asuba. Auta ta ce ina, ba za a yi haka ba.

"Haba Anti! Likita ya ce a guji jijjiga, ke kuma ki ɗora shi a kan wannan hanyar mai ramuka? Ina aiki a filin jirgi, Yayana ya kwana a mota? Mutane ma ai sai su zage ni."

Ta je ta durƙusa wa Manaja ta samo kujera biyu a jirgin washegari da safe. Ta tambaye shi, ta sake tambaya, ya rantse mata an biya kuɗin man. Ta koma gida da tikiti a hannu, tana jin yau dai ta yi wa Yaya wani abu.

Da safen ta hango su ta tagarta. Yaya ya zaɓi kujerar da ke ƙarƙashin lasifika, ya ɗora jaka a cinya, yana karkata kai gefe don ya ga gabansa ta ɗan abin da ya rage. Matarsa na gefe tana riƙe da takardun asibiti. Zauren ya cika maƙil, domin an haɗa fasinjojin jiya da na yau. Lokacin tashi ya yi, ya wuce. Auta ta danna maɓalli ta ce an sami ɗan jinkiri, a yi haƙuri. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma a lokacin gaskiya ce.

Sai ta juya ga ɗaya tagar. Tankar mai ta zo ta tsaya ƙarƙashin fiffike, har Auta ta sauke ajiyar zuciya. Amma direban bai warware tiyo ba. Ya sauko yana waya, yana yarfa hannu, injiniya na binsa yana roƙo. Can sai direban ya koma mota ya ja ƙofa, tankar ta juya ta fice. Jim kaɗan matuƙan suka sauko da jakunkunansu. Sannan ma'aikata biyu suka turo tsani, suka ɗauko jajayen murafan nan suka toshe bakin injin. Duk wanda ya daɗe a filin jirgi ya san ba a rufe bakin injin jirgin da zai tashi a ranar.

Ta miƙe za ta fita ke nan Manaja ya shigo, rigarsa sharkaf da gumi, ya murza makulli.

"Yallaɓai, an rufe injin."

"Na gani. Ni ba makaho ba ne."

"Yayana yana ƙasa, ranka ya daɗe. Shi ne mai aikin idon nan. In ya tashi yanzu zai sami motar rana. Minti ɗaya kawai, in sauka in faɗa masa in dawo."

"Ki sauka da rigar kamfani, ki raɗa wa mutum magana, ya ɗauki jaka ya fita? Kina tsammanin sauran ba su da ido? Dubi zauren nan, Murya. Dubi goshina." Ya nuna tabon ɗinkin. "Ana magana da banki. Tankar za ta iya dawowa."

"Za ta dawo?"

Ya zaro makullin ya ajiye a kan tebur, a gabanta.

"Ga shi. In kin fita, kada ki dawo, ni ma ba ni da yadda zan yi. In kin zauna, karanta abin da aka ce ki karanta."

Wallahi makullin nan ko tsawon hannu bai kai ba daga inda take. Ta dube shi, sai ta ga motar mijinta a layin mai, ta ga yara uku, ta ga maganin da za a saya bayan aikin idon, wanda ita ce za ta saya. Tsoro ya kama ta, tsoro tsagwaronsa, ba wani suna da za a ba shi. A cikin tsoron ne dabara ta faɗo mata, har ta ji kamar an sauke mata kaya. Ai ba sai ta ce an soke ba. Akwai kalmar da duk danginta suka san fassararta.

Ta danna maɓalli. "Muna ba fasinjojinmu haƙuri. Jirgi zai tashi nan ba da jimawaaa ba." Ta ja wutsiyar kalmar daidai yadda babban ɗanta yake ja. Ta sake maimaitawa. Manaja ya harare ta, amma me zai ce? Abin da ya tsara ta faɗa.

Matar Yaya ta ɗago kai a firgice. Ta dubi lasifika, ta dubi gilashin bene, ta miƙe zumbur ta fizgi jakar daga cinyar mijinta. Auta ta dafe ƙirji tana godiya ga Allah. Amma Yaya bai tashi ba. Matar ta ja hannun rigarsa, ya girgiza kai. Ta sunkuya tana magana da sauri, tana nuna ƙofa, shi kuma ya ɗaga yatsa ya nuna lasifika. Ya lalubi jakar ya karɓe, ya mayar kan cinyarsa ya rungume.

Auta ta sake dannawa. Ta faɗa, ta ja. Yaya ya gyaɗa kai kamar mai cewa kin ji ko, ya juya ga mutumin da ke gefensa yana murmushi, yana nuna sama. Ba sai an gaya mata abin da yake cewa ba.

Ta buga gilashi da tafin hannu, amma gilashin mai kauri ne, shi kuma mai gani ta gefen ido ina zai hango bene? Inuwar jirgin da ke waje tana ta tsukewa tana komawa ƙarƙashin cikinsa. Rana na hawa. Auta ta zauna, ta tashi, ta sake zama, tana ce wa ranta yanzu Anti za ta shawo kansa, yanzu zai miƙe. Haka ta yi ta jira, ita ma, kamar kowane fasinja. Sai da ta ga matar Yaya ta koma ta zauna ta rufe fuska da mayafi tana kuka, sannan wani abu ya tsinke mata.

Ta danne maɓallin da hannu biyu.

"An soke jirgin nan! Babu mai, ba zai tashi ba yau! Yaya, don Allah ka tashi ka tafi tasha! Yaya!"

Manaja ya fizge wayar makirufon daga bango. Nan take zauren ya fashe. Kujeru suka fara tashi sama. Mutane suka yi kan kantar tikiti, wasu suka yi kan matakala, masu gadi suka ruga suka rufe manyan ƙofofi don kada abin ya fita waje. Auta ta buɗe ɗakin ta kutsa cikin jama'a, wani ya gane muryarta ya ɗura mata ashar, wata ta fizge mata ɗankwali. Ko ta kansu ba ta bi ba. Ta iske Yaya a tsaye jikin ginshiƙi, matarsa ta kare shi da jikinta. Kafin a lallashi masu gadi su buɗe ƙaramar ƙofa, an daɗe. A waje kuma babu motar haya ko ɗaya, duk suna layin mai. Da ƙafa suka fita har babban titi, suna riƙe da shi ta kowane gefe, kafin wani mai kaya ya tausaya ya ɗauke su a bayan motarsa.

A tasha wurin babbar motar wayam, sai ɗigon baƙin mai a ƙasa da bawon rake. Mai yankar tikiti yana kulle tagarsa.

"Ai ta tashi ɗazun nan. Da kun zo da wuri kaɗan, har kujeru biyu suka tafi ba kowa."

"Ta gaba fa?"

"Sai mun sami mai, Hajiya. Wataƙila jibi, wataƙila gata."

Auta ta bi ƙananan motoci ɗaya bayan ɗaya tana roƙo. Ta cire 'yan kunnenta ta miƙa. Direbobin ba mugunta suka yi ba, kowa sai ya nuna mata allurar tankinsa a kwance, ya ce ko an ba shi duniya ba zai kai rabin hanya ba, kuma gidajen man da ke hanyar duk a rufe suke. Ta ari waya ta kira mijinta, ya ce tun jiya layin bai motsa ba, turawa ma suke yi da hannu. Ta kira asibitin. Wata mata mai sanyin murya ta ce ta yi haƙuri, likita ba zai iya ɗagawa ba, shi ma jirginsa aka matso da shi gaba saboda matsalar mai.

Ta dawo ta same su a kan wani benci bayan rumfar masu facin taya. Rana ta karkata. Matar Yaya ta kasa haƙuri.

"Na faɗa masa! Wallahi na faɗa masa! Na ce Malam, ka ji yadda ta ja kalmar nan, sallamarmu take yi. Ya ce in zauna."

"Yaya, me ya sa?" Auta ta durƙusa a gabansa, a cikin ƙasa da baƙin mai. "Kai ma ka san abin da ake nufi da ita a gida. Kowa ya sani."

"A gida ne yara suke shirmensu," ya ce a hankali. "Can kuwa wurin aikinki ne. Na ce mata Auta ba za ta hau lasifika ta faɗi abin da ba shi ba, alhali ta san ina zaune a ƙasa."

Ba faɗa yake yi ba, bayani kawai yake mata, kuma da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta buɗe baki ta ce tsoro ta ji, ta ce makullin yana gabanta, maganar ta ƙi fita sai kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta. Can ya karkata kai, yana neman ta da gefen idon.

"Tashi daga nan, inuwa ta yi yawa. Koma can, wajen rana."

Ta miƙe ta matsa, ba ta gane nufinsa ba.

"Ƙara matsawa hagu. Yauwa. Ɗago kanki. Share hawayen nan, suna hana ni gani."

Ta share da bayan hannu. Ya daɗe yana kallonta, kansa a karkace, ya tattara duk ɗan hasken da ya rage masa a kan fuskarta, daga goshi zuwa haɓa, a hankali, yadda yake duba cikin agogo.

"Ashe har kin yi furfura ban lura ba," ya ce. "Tsaya haka, Auta. Kada ki motsa tukuna."